Ƙofar ɗaki a Bauchi: ta kafinta, ta kamfani ko ta mai walda?

Mai gini yakan iso kan maganar ƙofofin ɗaki ne a lokacin da aljihunsa ya riga ya yi sanyi. An kai gini linta, an yi rufi, an ja wayar wuta, siminti da rodi da kwano sun cinye abin da aka tanada, sannan a waiwaya a ga bakin ɗaki shida ko bakwai a buɗe suna jiran ƙyaure. A nan ne mutane da yawa ke cewa a sa ko wace iri ce, tunda ta ciki ce, ba ita ke tare ɓarawo ba. Ni ma haka na ce a gidan da na gina a wajen Yelwa, kuma kafin damina ta biyu ta fita sai da na sake sayen ƙofa uku daga cikin bakwai. Abin da na koya a nan, da abin da na gani daga baya a gidajen 'yan'uwa da nake taya duba aiki, shi nake so in shimfiɗa wa wanda yake tsaye a wannan mataki yanzu.

A bakin jama'a komai ƙofa ne, amma a wurin aiki abubuwa uku ne daban: akwai bakin ƙofa, wato wurin da magini ya bari a jikin bango, akwai firam da ake kafawa a cikinsa, sannan akwai ƙyauren da ke buɗewa da rufewa. Idon mai saye yana kan ƙyaure, domin shi ne mai ado, shi baƙo ke gani. Amma ƙofofin da na ga sun ba da wahala, mafi yawansu laifin yana ga firam ne ko ga yadda aka kafa shi. Saboda haka duk kwatancin da zan yi, ina auna ƙyaure ne tare da abin da zai rataya a jikinsa da kuma hannun da zai rataya shi.

Kafin a zaɓi kowace iri, ya kamata a san abin da ke kashe ƙofa a garin nan. Katako ba ya daina shan laima da fitar da ita, ko bayan an yanka shi an yi masa fenti. Idan iska ta jiƙa sai ya kumbura, idan ta bushe sai ya tsuke, kuma a Bauchi tazarar da ke tsakanin waɗannan yanayi biyu babba ce ƙwarai. Daga Yuni zuwa Satumba, musamman a watan Agusta, iska cike take da laima. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa hunturu yana busar da komai har leɓe ya tsage. Katakon da ya daɗe a iskar da laimarta ta kai kashi 80 cikin ɗari yakan riƙe ruwa kusan kashi 16 cikin ɗari na nauyinsa, wanda ya daɗe a iska mai laimar kashi 20 kuwa ruwansa yakan sauka ƙasa da kashi 5. Wannan motsi a faɗin katako yake faruwa, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Shi ya sa ƙyauren da aka jera alluna gefe da gefe aka manne su zai iya ƙaruwa ko raguwa da fiye da santimita guda tsakanin marka da tsakiyar hunturu, kuma shi ya sa ƙofar da ke rufuwa lafiya a Janairu take cijewa a Agusta sai an sa mata kafaɗa.

Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne yawancin katakon da ake aiki da shi a nan daga dazuzzukan kudu ake kawo shi, inda iska ba ta bushewa irin tamu, kuma sau da yawa yakan iso kasuwa da ruwansa. Idan kafinta ya ɗauko shi yau daga wajen 'yan katako na Muda Lawal ya haɗa ƙyaure gobe, to a jikin bangonka zai ƙarasa bushewa, kuma a nan zai murɗe.

Gara ita ce ta biyu, kuma ba sai an yi dogon bayani a kanta ba ga wanda ya taɓa zama a sabuwar unguwa da aka yanka daga gona. Ta ƙasa take shigowa, ta bi tsagar da ke tsakanin daɓe da bango, ta shiga ƙafar firam ta ci cikinsa ta bar fenti a tsaye. Na uku shi ne ruwan gida. Mu da bokiti muke wanka, ana alwala a banɗaki sau biyar a yini, ana goge tayil da tsumma mai ruwa kowace safiya, kuma duk wannan ruwa a gindin ƙofa yake taruwa. Akwai kuma wani abu da ake mantawa: a gidajenmu da yawa ɗakuna tsakar gida suke kallo, ba falo ko baranda mai rufi ba. Ƙofar irin wannan ɗaki sunanta ta ciki, amma rana da feshin ruwan sama suna dukanta kamar ta waje, don haka a lissafin zaɓe ta waje ce.

Mafi yawa a gidajen talakawa da matsakaita ita ce ƙofar filawud, mai fuska a shafe babu ado. Kafinta yakan haɗa ƙashi da siraran katako, ya manna fallen filawud gaba da baya, ya bi gefuna da siririn katako mai ƙarfi. An raina ta, amma ni ina ganin ba a yi mata adalci ba. Filawud fallaye ne da aka manne kowane yana gicciye da na kusa da shi, don haka ba ya kumbura ko tsukewa a faɗi kamar allo zalla, kuma wannan babbar daraja ce a garin da yanayi ke juyawa irin namu. Ba ta da nauyi, ba ta wahalar da firam, ana yin ta daidai da kowane baki komai karkatarsa, kuma idan ta cije kafinta zai rage gefenta cikin 'yan mintuna. Aibinta shi ne abin da ke cikinta a rufe yake. Idan ka sayi wadda aka riga aka haɗa aka jingine a bakin titi, ba ka san ko ƙashin ɗanye ne ba, ba ka san sanduna nawa aka gicciya a ciki ba, ba ka kuma san ko an sa guntun katako mai kauri a inda makulli zai zauna ba. Ƙofofi biyu daga cikin ukun da na sake irin wannan ne: da aka zo sa makulli sai aka tarar babu abin da zai riƙe shi sai fallen filawud, wanda ya kafa su kuma ya cusa tarkacen katako ya rufe bai gaya mini ba. Wanda zai sa ta filawud, ya ba da aikin a yi masa, ya je ya ga ƙashin da idonsa kafin a rufe, ya tabbatar sandunan ciki ba su yi nisa da juna ba kuma an sa katakon makulli a gefen da ya dace. Ruwa kuwa ba ta jure shi ko kaɗan. Da zarar gindinta ya jiƙa sau da yawa, fallayen za su fara ɓarewa daga ƙasa.

Ƙofar katako zalla, mai gida-gida, ita ce wadda kowa ke sha'awa, kuma idan an yi ta yadda ya kamata babu wadda ta kai ta daɗewa a ɗakin kwana ko falo. Hikimar haɗinta tsohuwa ce. Ana yin dogayen katako biyu a gefe da gajeru a gicciye, a fafe rami a wannan a fitar da harshe a wancan a cusa, sannan allunan tsakiya su zauna cikin tsaga ba tare da gam ko ƙusa ba, domin su sami wurin motsi idan yanayi ya juya. Da wannan dabara, faɗin ƙyauren gaba ɗaya 'yan milimita kawai yake canzawa. Kafintan da ya manne allunan tsakiya da gam, ko ya haɗa kusurwoyi da ƙusa kawai babu rami da harshe, ya yi maka siffar ƙofar ne ba ita kanta ba, kuma hunturun farko zai tsaga allunan.

A irin wannan ƙofa, nau'in itace shi ne rabin magana. Iroko yana da nauyi da ƙarfi, kuma cikinsa mai duhu gara ba ta cika samun sa'arsa ba. Maɗaci da danginsa na kudu, waɗanda ake sayarwa da sunan mahogani, suna da kyau a ido, suna karɓar goga da man sheƙi, ba su cika murɗewa ba idan sun bushe. Afara da obece kuwa farare ne masu taushi da sauƙin aiki, gara da ƙwarin da ke huda katako suna son su, kuma a nan ne ake yi wa mai saye rufa-ido: a shafa wa farin katako jan launi a kira shi maɗaci. Gwajin ba shi da wuya. Ka danna farce a wurin da ba ya ganuwa, mai taushi zai lotsa. Ka ɗaga ƙyauren ka ji nauyinsa. Ka duba samansa ko ƙasansa inda ba a cika shafa launi ba. Ko a itace mai kyau ma, farin ɓangaren da ke kusa da ɓawo ba shi da juriyar cikin, don haka allon da ke da farin gefe mai faɗi bai dace da firam ba. Ƙyauren katako zalla yakan kai kilo 30 zuwa 40, ninki biyu ko fiye na na filawud, saboda haka yana bukatar firam mai ƙwari. Babban haɗarinsa ɗanyen katako ne, kuma maganin wannan haƙuri ne kawai: a sayi katakon tun ana kan bulo, a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani domin iska ta ratsa, a bar shi watanni. A rana ba a shanya shi, domin bushewar gaggawa tana tsaga shi.

Ƙofofin kamfani, waɗanda ake shigo da su daga Sin da Turkiyya ko ake haɗawa a cikin ƙasa, su ne suka cika sababbin gidaje yanzu, kuma dalilin a fili yake. Suna zuwa da firam ɗinsu da makulli da hannu da katakon da ke rufe bakin bango, launinsu ɗaya, babu jiran kafinta, babu fenti, kuma ƙwararre zai kafa guda huɗu ko biyar a yini. Ba sa kumbura da tsukewa irin na allo zalla. Sai dai kalmar "ta kamfani" ta haɗa abubuwa masu nisa da juna, kuma a nan mai saye ya kamata ya tambaya da kyau. Da yawa daga cikinsu an yi su ne da garin katako da aka matse da gam, wanda ake kira MDF, ko mai ƙarfinsa HDF, aka lulluɓe da siririyar leda mai zanen itace, cikinsu kuma kwali ne da aka saƙa kamar gidan zuma. A busasshen ɗaki wannan ba laifi ba ne. Amma MDF idan ya sha ruwa yana kumbura kamar burodi, kuma ba ya komawa ko ya bushe, saɓanin katako. Ledar takan fara ɗagowa daga kusurwa idan zafi ya yi yawa ko rana tana dukanta. Sukuru ba ya kama garin katako yadda yake kama itace, don haka idan ya kwance sau ɗaya ko biyu ramin ya lalace. Gara kuma tana cin sa, kada wani ya ce maka ba ta ci. Akwai wata iri da ake kira WPC, wadda aka gauraya garin katako da roba, ita ta fi jure ruwa nesa ba kusa ba, amma ta fi tsada, kuma a ido kusan ba a bambanta ta da waccan sai an duba yankakken gefe.

Abin da ya fi damuna da ƙofar kamfani shi ne ba ta karɓar gyara. Girmanta a yanke yake, ba a rage ta sai kaɗan, kuma da yawa an riga an fafe musu wurin makulli da gefen da za su buɗe, dama ko hagu. Idan bakin ƙofarka ya fi ta ƙanƙanta sai an sassare bango, idan ya fi ta girma sai an cike. Wanda ya sayo daga Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja domin sauƙin farashi, ya lissafa kuɗin mota da haɗarin a fasa kusurwa a hanya, ya kuma san cewa mayar da wadda ba ta dace ba aiki ne babba. Sayen ta a shagon cikin gari, inda za ka iya komawa gobe ka canza ta hagu da ta dama, sau da yawa ya fi riba ko da an ɗan ƙara maka kuɗi.

Ƙofar ƙarfe ta mai walda ba ruwanta da gara ko hunturu, kuma a wasu wurare ita ce daidai: sito, ɗakin haya, da duk ɗakin da ke kallon tsakar gida babu rumfa. A cikin gida mai rufi kuwa ba na ba da shawararta. Tana da ƙara, idan iska ta buga ta duk gidan sai ya ji. Gefenta yana da kaifi ga yatsun yara. Gindinta yana tsatsa idan ba a yi mata jan fentin hana tsatsa ba kafin na ado. Akwai kuma abin da ba a so a tuna: ranar da yaro ya kulle kansa a ɗaki, ko tsoho ya faɗi a ciki, ko gobara ta tashi, ƙyauren filawud ana ɓalle shi da ƙafa, na ƙarfe kuwa sai an nemo mai injin yanka. Duk mai son ƙarfe a ɗakin kwana saboda tsaro ya auna wannan da kyau.

Banɗaki ba ya bukatar dogon kwatanci. Alminiyam ko roba, wato PVC, ko WPC ga mai hali. Ta roba mai arha ba ta da ƙwari, takan yi laushi ta karkace, amma ba ta ruɓewa. Ta alminiyam ta fi ta tsayuwa. Ƙofa ta uku da na sake ta banɗaki ce, ta garin katako, na saye ta ne domin ta yi launi ɗaya da ta ɗakin, kuma cikin watanni gindinta ya buɗe.

Yanzu sai firam, inda na ce yawancin matsala take. Zaɓi biyu ne ga wanda zai sa ƙyauren kafinta: katako ko ƙarfe. Firam na katako ya fi kyau, ya fi karɓar gyara, kuma ƙyaure yana rufuwa a kansa babu ƙara, amma shi ne abincin gara na farko, domin bayansa yana manne da bango ƙafarsa tana ƙasa. Idan za a yi shi, a yi da itace mai ƙarfi busasshe, a shafe bayansa da ƙafafunsa da maganin gara irin Solignum ko makamancinsa kafin a kafa, ba bayan an kafa ba. Baƙin man mota da wasu ke shafawa yana ɗan taimakawa, amma ba ya maye gurbin magani, kuma yana hana fenti kamawa. Firam na ƙarfe gara ba ta taɓa shi, ba ya murɗewa, kuma a sabuwar unguwa mai yawan gara ni shi nake zaɓa, in rataya ƙyauren katako a jikinsa. Sharaɗinsa biyu ne: kaurin ƙarfen ya kai milimita 1.2 ko fiye, domin siririn yana lanƙwashewa, sannan a cika bayansa da kwaɓaɓɓen siminti har sama, kada a bar shi da rami yana amsa kuwwa.

Hanyar kafawa ma iri biyu ce, kuma ita ke nuna lokacin da ya kamata a yanke shawara. Tsohuwar hanya ita ce a kafa firam kafin shafe, a sa masa ƙarafa ko manyan ƙusoshi uku a kowane gefe su shiga bulo, magini ya kama su da siminti, sannan shafe ya zo ya haɗe da shi. Wannan ya fi ƙarfi, kuma shi ya dace da firam na ƙarfe da mai ɗaukar ƙyaure mai nauyi. Illarsa firam zai sha ruwan siminti da dukan baro da bokitin leburori har a gama aiki, kuma idan ba a tokare tsakiyarsa da ƙasansa da sanda ba, nauyin siminti zai matso shi ciki ya zama sama da faɗi tsakiya a tsuke. Hanya ta biyu ita ce ta ƙofar kamfani: sai an gama shafe da tayil, har da fentin farko, sannan a saka firam a daidaita shi da 'yan guntayen katako, a ɗaure da dogayen sukuru, a cike tsakani da kumfar nan ta gwangwani. Aikin ya fi tsabta, amma kumfar tana kumbura da ƙarfi, idan ba a tokare firam ba ita ma za ta tura shi ciki. Kuma masu gaggawa sukan bar sukuru su dogara da kumfa kaɗai, abin da ba ya riƙe ƙofar da yara ke bugawa kullum.

Tun ran gini tun ran zane, in ji Hausawa, kuma a nan maganar ta zauna daidai, domin awon bakin ƙofa tun ana jera bulo ake yanke shi. Abin da aka saba a ƙasar nan shi ne milimita 900 a faɗi da 2100 a tsawo ga ɗaki, wato kusan ƙafa 3 da ƙafa 7, banɗaki kuma 750 a faɗi. Tambayar da ake mantawa ita ce: wannan awo na ƙyaure ne ko har da firam? A ƙofofin kamfani yawanci har da firam ne, wasu ma tsawonsu 2050 ne, don haka a auna ainihin wadda za a saya kafin magini ya zuba linta, a bar sararin kamar santimita guda a kowane gefe domin daidaitawa. Tsawon kuma daga saman tayil ake lissafa shi, ba daga daɓen farko ba, domin siminti da tayil sukan ɗaga ƙasa da santimita 4 ko 5, kuma wanda ya manta da wannan zai ga ƙofarsa ta ƙi shiga ƙarƙashin linta. Kaurin bango ma abin dubawa ne: bulo mai inci 6 idan an shafe shi ciki da waje yakan kai kusan santimita 18, mai inci 9 kuma kusan 25, kuma firam ɗin kamfani da aka yi wa wannan ba zai rufe wancan ba sai idan irin wanda ake iya ƙara masa faɗi ne.

Sai a tsaya a bakin kowane ɗaki a yanke gefen da ƙyaure zai buɗe. Ya buɗe ciki, ya kwanta a jikin bangon da ya fi kusa, kada ya rufe makunnin wuta, kuma a ɗakin matan aure ya fi kyau idan an buɗe shi kaɗan ya zama shi ne ya kare gado daga idon mai wucewa. Wannan ƙaramin abu ne a takarda, amma uwargida za ta zauna da shi shekaru, don haka a tambaye ta.

Wajen rataya ƙyaure, lokacin shekara yana da hukunci. Ƙa'idar da aka saba ita ce a bar sararin milimita 2 zuwa 3 a gefuna da sama, da kamar santimita guda a ƙasa, ko fiye idan za a shimfiɗa kafet. Amma ƙyauren katako da aka rataya a hunturu yana kan mafi ƙanƙantar girmansa ne, don haka a sake masa sarari, in ba haka ba marka za ta matse shi. Wanda aka rataya a Agusta kuwa a matse shi kaɗan, domin zai ja baya. Wani dattijon kafinta da na yi aiki da shi daga baya ya ƙi rage mini ƙyauren da ya cije a tsakiyar damina fiye da kaɗan, ya ce, "Malam, ka yi haƙuri zuwa kaka, idan na ci shi yanzu yadda kake so, da hunturu za ka riƙa hango ɗaki ta gefensa." Haka kuwa aka yi, da iska ta bushe ƙofar ta saki da kanta. Fenti ko man sheƙi kuma a shafa shi a fuskoki shida, har da saman ƙyaure da ƙasansa waɗanda ido ba ya gani, domin ta nan laima ta fi shiga, kuma masu fenti kusan kullum sukan tsallake su idan ba a sauke ƙyauren ba.

Ƙarafan da ƙyaure ke juyawa a kansu, waɗanda kafintoci ke kira hinjis, ba wurin tsimi ba ne. A sa uku masu inci 4, na sama kamar santimita 15 daga kai, na ƙasa kamar 22 daga gindi, na uku a tsakani, kuma a fafe musu wuri su zauna daidai da fuskar katako. Da sukuru ake ɗaure su, a murɗa shi har ya zauna. Wanda ya buga sukuru da hama ya mayar da shi ƙusa, kuma ƙyauren zai fara sunkuyawa yana jan ƙasa kafin shekara. Hannu da makulli kamar mita guda daga ƙasa. Makullan da ke zuwa da ƙofofin kamfani masu arha sukan riga ƙofar mutuwa, don haka a tambayi mai shago ko ana samun irinsu a kasuwa idan sun lalace. A banɗaki da ɗakin yara sakata ko makullin da ake iya buɗewa ta waje ya fi mai mabuɗi.

Da zan sake gina wancan gida a yau, ga yadda zan raba. Ɗakunan kwana da ke cikin rufi zan sa musu firam na ƙarfe mai kauri da ƙyauren filawud da na ga ƙashinsa da idona, domin kuɗinsa kaɗan ne kuma yanayin garin nan ba ya motsa shi. Ƙofar falo, wadda baƙi ke gani, ita kaɗai zan kashe wa kuɗin katako zalla, in sayi maɗacin tun ana kan tushe in ajiye. Banɗakuna alminiyam, sito da ɗakin da ke kallon tsakar gida ƙarfe. Ƙofar kamfani zan ba da shawararta ga wanda yake gaggawar tarewa, ko wanda ba shi da kafintan da ya amince da shi, ko mai son gida ya zama launi ɗaya, da sharaɗin bangonsa a miƙe yake, ɗakin busasshe ne, kuma ya sayi ƙofar kafin a gama bakin da za ta shiga. Wanda kuwa yake canza ƙofa ɗaya a tsohon gida mai karkatattun bakuna, kafinta ne abokin tafiyarsa, domin shi kaɗai zai iya yanka ƙyaure ya bi karkatar.

Kafin a biya cikon kuɗin aiki, a sa ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a jikin firam ta fuska biyu, ta gefe da ta gaba, a ga ko a tsaye yake. A auna faɗinsa a sama da tsakiya da ƙasa, awon ya zama ɗaya. A buɗe ƙyauren rabi a sake shi: idan ya tsaya inda aka bar shi firam ɗin daidai yake, idan ya tafi da kansa ciki ko waje to ya karkata, kuma gyaransa tun siminti bai gama ƙarfi ba ya fi sauƙi. A rufe shi da yatsa ɗaya a ji harshen makulli ya faɗa raminsa ba tare da an ɗaga hannu ko an danna ba. Sannan a shiga ɗakin da rana a rufe a dubi hasken da ke shigowa ta gefuna, siririn layin ya zama kauri ɗaya daga sama har ƙasa. Inda ya yi faɗi ko ya ɓace, a nuna wa mai aikin tun kayansa suna wurin.